Tafinta da Alhakin “Na Ji”

Haihuwa da Asali

An haifi marigayin da wasu suka sani da Malam Tafinta, wasu kuma da Malam Na-ji, ranar wata Talata cikin watan Maris na shekarar 1941, a garin nan da layin dogo ya rabu gida biyu, cikin gidajen ma'aikata na bayan tasha, ɗaki na huɗu daga famfo. Mahaifinsa mai ɗaga wa jirgin ƙasa tuta ne, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi da keken hannu a bakin ƙofarta. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne a cikinsu wanda bakinsa bai san hutu ba.

Tun bai cika shekara shida ba ya iya gaisuwa da zagi cikin harsuna huɗu, duk daga bakin fasinjoji ya tsince su, har 'yan dakon tasha suka laƙaba masa Aku. Mahaifin nasa ba mai yawan magana ba ne, amma akwai ƙa'idar aiki guda da yake nanata wa 'ya'yansa har suka gaji da ji, wato idan ka ɗaga wa direba tuta kada ka sauke don kana zaton ya gani, ka bari sai ya busa usur ya amsa maka. Aku ya haddace wannan kamar yadda yake haddace komai, da baki kawai. Ma'anarta sai da ya haura shekara ashirin da takwas ta iske shi, kuma ba da daɗi ta iske shi ba.

Karatu

An sa shi makarantar firamare ta ma'aikatan tasha a shekarar 1948, ya wuce sakandare a 1955, ya kammala a 1960 da sakamako mai kyau a komai ban da lissafi. Inda ya yi wa tsararsa fintinkau shi ne harshen gwamnati, harshen da ake rubuta doka da shi, ake shari'a da shi, wanda mutum tara cikin goma na garin ba sa ji ko kaɗan. A ranar yaye su aka ba shi kyautar ƙamus mai jan bango, kuma wannan ƙamus ya bi shi ko'ina ya je a rayuwa, har da wurin da ba a zuwa da son rai.

Shiga Aikin Kotu

A watan Fabrairu na 1961 aka ɗauke shi ƙaramin tafinta a kotun gari. Ɗaki ne mai benci shida, da fanka mai kukan tsohuwar ƙofa, da akwatin katako inda wanda ake tuhuma yake tsayawa. Alƙali ba ya jin Hausa, wanda ke cikin akwati ba ya jin harshen gwamnati, saboda haka duk abin da zai ratsa tsakaninsu, gaskiya ko akasinta, sai ya bi ta bakin tafinta.

Wanda ya koya masa aiki shi ne Babban Tafinta, dattijon da ma'aikata ke kira Jirgin Safe saboda ba ya tsayawa a ƙananan tashoshi. A makon farko ya zaunar da shi ya ba shi sirrin sana'ar.

“Ka karanta masa tuhuma, ka ce masa ‘ka ji?’ In ya ce ‘na ji’, ka juya ka gaya wa alƙali ya amsa laifinsa. Shi ke nan, a kira na gaba.”

“To Baba, in kunya ce ta sa ya ce ya ji fa?”

“Mai kunya me ya kawo shi kotu? Mai gaskiya ai da kansa zai ta da gardama. Kai dai ka leƙa waje ka ga layi.”

Layin kuwa kullum har bakin titi yake kaiwa. Abin da Jirgin Safe ya sani ya kau da kai, Aku kuma ya sani ya manta, shi ne mutanenmu in babba ya yi musu magana, musamman mai zaune a kan kujera mai tudu, “na ji” suke fara cewa don ladabi, ko da maganar ƙarya ce tsagwaronta, sai an ba su fili sannan su kawo tasu. Shekara takwas ya yi yana aiki a kan wannan tsari, aka yaba masa da zafin nama, har aka ƙara masa girma sau biyu.

Aure

A ofishin rajistar kotun akwai wata budurwa mai buga tafireta, wadda yatsunta suka fi bakinsa sauri, ita ce kuma mutum ta farko da ta taɓa gyara masa kuskuren nahawu a gaban jama'a. Sakatariya yake ce mata. Wata ranar Alhamis cikin 1964, a bakin tagar rajista, ya tattara jarumtarsa ya faɗa mata abin da ke ransa. Ko ɗaga kai ba ta yi daga takarda ba, ta ce, “Na ji.” Kafin la'asar ya sanar da iyayensa da abokansa cewa ta amince. An ɗaura auren a watan Disamba na shekarar, kuma har tsufansu in ya cika ta da surutu takan ce, “Sa'a ka ci ran nan, da ma ina so. Ba don haka ba da tafintancinka ya aurar da ni ban sani ba.” An haifi 'yarsu ta fari a 1965.

Shari'ar Mai-agogo

Ranar Litinin, 14 ga watan Nuwamba na 1966, akwai ƙararraki talatin da bakwai a jadawalin kotu, kuma alƙali yana son kama jirgin ƙarfe biyu. Na talatin da bakwai wani mai gyaran agogo ne ɗan shekara ashirin da takwas, wanda rumfarsa ke jingine da bangon wani siton auduga da ya ƙone ƙurmus. An san yana aiki da 'yar fitila wajen liƙa ƙananan ƙarafa, an kuma san sun yi cacar baki da mai kula da siton kan a ɗauke rumfar. Wannan ya ishi 'yan sanda.

Tafinta ya karanta masa tuhumar cinna wuta da gangan cikin numfashi ɗaya, ya ce, “Ka ji?”

Mai-agogo ya rusuna ya ce, “Na ji, ranka ya daɗe.”

Tafinta ya juya ya gaya wa alƙali cewa ya amsa laifinsa. Aka yanke masa shekara goma sha huɗu. Da aka fassara masa hukuncin ya buɗe baki ya ce, “Ranka ya daɗe, ai ni...” amma alƙali ya riga ya miƙe, ɗan sanda kuma ya riga ya riƙe masa gwiwar hannu. Duka shari'ar ba ta ci minti huɗu ba. Alƙali ya samu jirginsa.

Ziyarar Gidan Yari

A watan Yuni na 1969 aka tura shi ya raka wani sabon alƙali duba lafiyar fursunoni. Suna tsakar zagaye agogon hannun alƙalin ya tsaya, sai gandiroba ya ce akwai wani a ɗaki na biyu da ko agogon da mota ta taka yana tasar da shi. Aka kawo mutumin, ya zauna a ƙasa, ya buɗe agogon da bakin allura, ya hura, ya taɓa wani abu, agogo ya ci gaba da tafiya. Da ya ɗago zai miƙa, idonsa ya faɗa kan Tafinta, fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwa.

“Malam, ashe kai ne. Yau ne za a yi tambayar?”

“Wace tambaya?”

“Ran nan ka ce min na ji, na ce na ji. To tun ranar nake jira a zo wajen ko na yi. Na ce watakila layi ne ya yi yawa.”

Babu zargi a muryarsa, abin da ya fi yi wa Tafinta ciwo ke nan. Alƙali ya nemi a fassara masa abin da fursunan ya ce, kuma a karon farko tun da ya fara aiki, Aku ya rasa kalma a harsuna huɗu.

Da ya koma gida ya ba matarsa labari. Washegari Sakatariya ta nemo fayil ɗin a rajista, ta cike takardar neman kwafi kamar kowa. A shafi na tara akwai rahoton 'yan kwana-kwana, wanda ya nuna wutar ta tashi ne daga wayar lantarki a cikin rufin siton, ta ɓangaren da ke nesa da rumfar. Rahoton ya iso kotu kwana biyu kafin shari'ar, amma tunda an ce mutum ya amsa laifinsa, ba wanda ya ga dalilin buɗe shafi na tara.

Takardar Rantsuwa da Kora

Lauyoyin da ya tuntuɓa duk bakinsu ɗaya. Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana talatin ne, ya wuce tun tuni, kuma wanda ya amsa laifi da bakinsa ba shi da ƙarar ɗaukakawa. Ƙofa ɗaya ta rage, wato a tabbatar cewa bai amsa ba, kuma mutum ɗaya ne a duniya zai iya rantsuwa a kan haka, shi ne wanda ya fassara. Sun kuma gaya masa ƙarara cewa ranar da ya sa hannu a wannan takarda, ranar aikinsa ya ƙare.

Jirgin Safe ya same shi a bayan kotu ya ce, “Aku, kana da 'ya'ya biyu, matarka da ciki. In ka tona wannan ba kanka kaɗai ka tona ba, har da ni, har da alƙalai goma. Mutumin nan saura masa shekara goma sha ɗaya, yana gyaran agogonsa, ana ba shi abinci.”

Ya koma gida ya kwashe komai ya gaya wa matarsa, yana zagaye-zagaye, yana kawo dalilan yi da na bari. Ta bar shi ya gama, sannan ta janyo tafireta ta zura takarda.

“Faɗi ina bugawa. In ka bari ta huce ba za ka yi ba, kuma ni ba zan iya zama da kai kana kallon bango ba.”

Ya rantse a gaban kwamishinan rantsuwa ranar 3 ga Maris 1970. Ranar 20 ga watan aka sallame shi daga aiki bisa laifin zubar da mutuncin kotu, matarsa kuma aka nuna mata cewa zamanta a rajista ba zai yi daɗi ba, ta ajiye da kanta. Takardar rantsuwar aka sa ta a fayil, aka mayar da fayil ɗin kan kantar rajista. Mai-agogo bai motsa daga ɗaki na biyu ba. A 1972 matarsa, wadda ke zuwa masa da sabulu kowane wata, ta rasu bayan gajeriyar jinya, dangi suka ɗauki ɗansu guda.

Komawa Karatu

Miji da mata suka kafa tebur a ƙofar gidan waya, shi yana tsara wa mutane wasiƙu da koke-koke, ita tana bugawa. A nan, daga 1971 zuwa 1974, ya yi karatun shari'a da falsafar siyasa ta hanyar wasiƙa, ƙamus mai jan bango a gefensa, yana karatu tsakanin mai koke da mai koke. Bai shiga karatun don neman digiri ba. Tambaya ɗaya ce ta hana shi sukuni: tsarin mulkin ƙasa ya rubuta baƙi da fari cewa kowa yana da haƙƙin a saurare shi kafin a hukunta shi, to ta yaya wannan haƙƙi ya ɓace cikin minti huɗu ba tare da kowa ya karya doka ba?

Amsar da ya samu ba a littattafan ya same ta ba, a bakin wata tsohuwa ya ji ta, wadda ta zo a rubuta mata koke kan filinta, ta ce a rubuta wa wanda ya cuce ta, haƙƙina yana wuyanka. Ya ajiye alƙalami. Littattafan da yake karantawa suna maganar haƙƙi kamar wani abu da mutum ke riƙe da shi a aljihu. Tsohuwar kuwa ta san haƙƙi a wuyan wani yake zama. Abin da yake haƙƙi a wurina, alhaki ne a wurin wani, abu ɗaya ne aka kalla ta fuska biyu.

A kan wannan ya rubuta ɗan littafinsa mai shafi talatin da biyu, wanda ya sa wa suna “Wuyan Wa?”, Sakatariya ta buga shi a farkon 1975. A ciki ya ce duk haƙƙin da aka rubuta a tsarin mulki ba tare da an faɗi wuyan da zai rataya ba, tawada ce kawai, ko na shari'a ne, ko na magani, ko na ruwan sha. Ya ce mutane ba su ajiye sandunansu suka miƙa wa hukuma ikon hukunci don tsoro kaɗai ba, sun yi ne bisa sharaɗin za a ji ta bakinsu, saboda haka hukumar da ta ɗaure wanda ba ta tambaya ba ƙarfi ne ya rage mata, halacci ya tafi. Ya ƙara da cewa in ana son sanin adalcin ƙasa kada a duba shari'ar farko ta safe, lokacin da alƙali bai gaji ba, a duba ta talatin da bakwai. A shafin ƙarshe ya rubuta cewa haƙƙin Mai-agogo a wuyansa yake, shi marubucin, ya kuma sa hannu.

Ɗauri

Lokacin sojoji ne ke mulki, kuma kalmar halacci ba ta yi musu daɗi ba. A watan Mayu na 1975 aka kama shi bisa tuhumar tunzura jama'a, aka gurfanar da shi a ɗakin nan mai benci shida, ya shiga akwatin da ya shekara tara yana tsayawa a gefensa. Tafintan ranar kuwa Jirgin Safe ne, saura masa wata uku ya yi ritaya. Da aka tambayi wanda ake tuhuma da wane harshe zai yi magana, ya ce da Hausa.

Dattijon ya matso ya ce a hankali, “Aku, ka rufa min asiri. Ka fi alƙalin nan iya harshensu.”

“Baba, yau ni ne na ƙarshen layi. Ka tambaye ni yadda kake tambayarsu.”

Jirgin Safe ya karanta tuhuma, ya ce, “Ka ji?”

“Na ji, ranka ya daɗe.”

Dattijon ya juya wajen alƙali, bakinsa ya buɗe da kansa saboda sabo, sai ya tsaya. Fanka tana ta kukanta. Alƙali ya ce me ya ce. Dattijon ya ce, ya ce ya ji. Alƙali ya ce, to ya amsa ko bai amsa ba?

“Ban tambaye shi ba tukuna, ranka ya daɗe.”

Magatakarda ya rubuta wannan cikin kundin kotu kalma bayan kalma, bai san abin da ya rubuta ba. Da aka yi tambayar, Malam ya ce rubutun nasa ne, laifin ne bai gani ba. Aka ba shi shekara ɗaya.

A ƙofar ɗaki na biyu Mai-agogo ya dube shi cikin rigar fursuna tun daga sama har ƙasa, ya ce, “Malam, kai ma ji ka yi?”

“A'a, ni har tambayar an yi min.”

“To ka ga ka fi ni gata. Shigo, ga wuri kusa da taga.”

Bai ɓata shekarar ba. Ya bi fursunoni ɗari biyu da goma ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa abin da ya faɗa a kotu da bakinsa, yana rubutawa a gefen shafukan ƙamus da guntun fensir. Sittin da ɗaya suka ce “na ji” kawai suka ce. Wasunsu sun gaya masa gaskiya cewa sun aikata, ya rubuta hakan shi ma, yana cewa ko mai laifi yana da haƙƙin a tambaye shi. A nan fursunoni suka sa masa Malam Na-ji, sunan kuma ya bi shi waje.

Ranar Tambaya

Ya fito a watan Mayu na 1976 da ƙamus a hammata. Yanzu yana da abu huɗu a hannu: takardar rantsuwarsa, shafi na tara, sunaye sittin da ɗaya, da kundin shari'arsa inda Babban Tafinta da kansa ya raba “ya ji” da “ya amsa”. Wata lauya mai ƙarfin hali ta karɓi ƙarar kyauta, babbar kotu ta yarda ta saurara duk da wucewar wa'adi. Abin da ba wanda ya zata shi ne zuwan Jirgin Safe, da sandarsa, ba tare da sammaci ba. Ya shiga akwatin shaida ya ce shekara talatin da biyar yana yin haka, kuma shi ya koya wa Aku.

Ranar 8 ga Satumba 1977 aka tsayar da Mai-agogo gaban alƙalai uku. Aka karanta masa tuhuma a tsanake. Aka ce ya ji? Ya ce ya ji. Aka ce ya gane? Ya ce ya gane. Aka ce, ka aikata ko ba ka aikata ba?

Ya gyara tsayuwa, ya dubi alƙalan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Ban yi ba.”

An sallame shi kafin azahar, bayan shekara goma sha ɗaya ba wata biyu. A kan matakalar kotu Malam ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, “Don Allah ka yafe min.” Mai-agogo ya dube shi, ya ce, “Na ji.” Ya sauka ya tafi neman ɗansa. Jama'ar da ke wurin suka ce alhamdulillahi, an yafe. Mutum ɗaya ne a wurin ya san ba haka aka ce ba.

Shekarun Baya

An sake duba shari'un sauran sittin, aka saki talatin da huɗu. A 1979 aka kafa ƙa'idar tambaya uku a kotunan yankin, wato ka ji, ka gane, ka aikata ko ba ka aikata ba, kuma dole a rubuta amsar da ainihin kalmomin mai ita. An yi masa tayin komawa aiki, ya ce teburinsa ya ishe shi. Teburin ya zama ofishi mai ɗaki biyu a 1982, inda ya horar da tafintoci fiye da ɗari uku. Daga 1990 ya juya kan asibitoci, bayan ya gano ana yi wa marasa lafiya tiyata bisa “na ji” ɗin da suka ce wa likita, ya yi ta zirga-zirga shekara shida har aka sauya takardar amincewa. A gida kuwa 'ya'yansa sun mayar da abin wasa, in ya aike su sai su ce sun ji, su ci gaba da zamansu, har sai ya yi sauran tambayoyin biyu.

Duk wannan bai sauke masa abin da ke wuyansa ba. Ranar farko ta kowane wata, shekara talatin da biyu, yakan je sabuwar rumfar Mai-agogo ya miƙa agogonsa wai yana latti. Mai-agogo yakan buɗe, ya hura, ya rufe, ya ce lafiyarsa lau, su yi hira kan tsadar kaya da ciwon gwiwa, ya tashi. Sakatariya ta sha ce masa, “Kai da ka koya wa ƙasa tambaya, ka kasa yin guda ɗaya.” Yakan ce yana tsoron amsar.

Jinya da Rasuwa

Ciwon ƙoda ya kwantar da shi a watan Yuli na 2009. Da ranar farko ta watan Agusta ta zo bai je rumfa ba, sai ga Mai-agogo da hantsi, da 'yar jakar kayan aikinsa, ya zauna a bakin gado ya ce a ba shi agogon ya duba.

Malam ya ce, “Bar agogon nan, bai taɓa latti ba.”

“Na sani. Ai ni ma ban taɓa gyara shi ba.”

“Ran nan a matakala na roƙe ka, ban tambaye ka ba. Yau zan tambaya. Ka ji roƙona?”

“Na ji.”

“Ka gane abin da na yi maka?”

“Na fi kowa ganewa.”

“Ka yafe ko ba ka yafe ba?”

Mai-agogo ya juya agogon a tafin hannunsa. Ya ce, “Nawa na yafe tun ranar da ka shigo mana da rigar fursuna. Na uwar ɗana kuwa, wadda ta rasu tana ce wa mutane mijinta bai yi ba suna mata dariya, ba nawa ba ne balle in yafe. Abin da ya hana ni amsa maka ke nan.”

Malam ya rufe ido ya ce, “Na ji.”

“A'a Malam, dokarka ce. Ka ji, ka gane. Ka karɓa ko ba ka karɓa ba?”

“Na karɓa. Wannan da shi zan tafi.”

Allah ya yi masa rasuwa bayan kwana tara, da safiyar Litinin, 10 ga Agusta 2009, yana da shekara sittin da takwas. An yi masa salla bayan azahar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar bayan tasha, kusa da mahaifinsa, cikin taron da ya haɗa alƙalai da tsofaffin fursunoni a sahu ɗaya. Mai-agogo yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya kuma ƙi a karɓe shi har bakin kabari.

Ya rasu ya bar matarsa, da jikoki goma sha tara, da 'ya'ya biyar cikin shida da Allah ya ba su: Auta, wadda ke koyarwa a makarantar kurame, wanda take bi, direban jirgin ƙasa, na tsakiya, ma'aikacin jinya, sai yayansu, wanda ke riƙe da ofishin da ƙamus mai jan bango, da babbarsu, wadda a yanzu alƙaliya ce a babbar kotu. Lauyoyi suna yawan ƙorafi cewa kotunta ba ta sauri.